Gayya da Samariya a Ƙauyukan Kwarin Gulbin Maraɗi

Kalmar gayya tushenta ɗaya da gayyata. Mutum ne ke da aikin da ya fi ƙarfin gidansa, sai ya kira jama'a, su kuwa su amsa kira, su taru su gama masa shi a yini guda. A takardun ma'aikatu an fi rubuta "aikin sa kai" ko "gudummawar talakawa", kuma mai tsara aiki a ofis yakan lissafa wannan gudummawa cikin abin da ba ya cin ko tamma. Tarihin ƙauyukan kwarin Gulbin Maraɗi bai goyi bayan wannan lissafi ba. A can gayya bashi ce. Tana da mai ita, tana da abincinta da ranar biyanta, kuma akwai watannin da ake yin ta da waɗanda ba a yi. Abin da za a duba a nan shi ne yadda al'adar take a ƙaramin ƙauye na kwarin, da abin da ya same ta sa'ad da hukumomi dabam-dabam, tun daga Faransawa har gwamnatocin Nijar mai mulkin kai, suka so su yi aiki da ita.

Kwarin da mutanensa

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya shigo Nijar, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkata yamma ya koma Najeriya. Ruwansa na damana ne, amma in ya janye yakan bar fadama mai laka, inda rijiya ba ta da zurfi. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora sun zauna Maraɗi wajen shekara ta 1819, zamanin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri wajen 1836. Sun iske Anna a wurin, watau manoma da maharba da masunta masu riƙe da addinin kakanni, kowane dangi da gadonsa. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun sa mutane sun matsu cikin kwarin, a garuruwa masu kafi, jigawa kuwa ta zama daji. Sai bayan da yaƙi ya kwanta, a farkon ƙarni na 20, aka bazu bisa jigawa ana saran gonaki ana kafa sababbin ƙauyuka.

Kwarin ya yi sa'ar masu bincike. Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazarin addinin Anna da al'adun kyauta na yankin. Claude Raynaut kuma ya zauna Sumarana, wani ƙauye na masu garka kusa da Maraɗi, ya fitar da littafi a kansa cikin 1972. Daga ayyukansu, da abin da tsofaffin ƙauyukan suka riƙe, ana iya gane tsarin da gayya ta tsiro a cikinsa.

Tushen tsarin shi ne gida. Mai gida da ƙannensa da ƴaƴansa maza suna noma babbar gona tare, ita ce gandu, daga rumbunta ake ciyar da kowa, a biya haraji, a yi wa samari aure. Ban da gandu, kowane baligi, mace ko namiji, yana da ƴar gonarsa da ake ce wa gamana, wadda a wasu wurare ake kira gayauna. Kwana huɗu ko biyar na mako na gandu ne, sauran na gamana. Saboda haka ƙarfin saurayi ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma in ya tafi gayya da safe, wani ne ya ba da wannan safiyar, watau mai gida. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa gayya ba ta taɓa zama kyauta ba. Gida ne ke ranta wa gida hannu.

Shekarar manomi

Manomin kwarin yana da lissafin watanni nasa, wanda ke farawa bayan kaka. A wannan lissafi watan bakwai, mai faɗowa wajen Mayu ko farkon Yuni, shi ne watan sa ran ruwan shuka. Kafin shi, cikin bazara, ake sassabe da ƙona kututture da kai taki. Ruwa na sauka, gari ya watse: maza na sara da sungumi, mata da yara na bin su da iri. Shuka ba ta cika son gayya ba, domin kowa yana tseren laimar ƙasa a rana ɗaya, ba mai hannun da zai ranta. Noman fari da maimai su ne lokacin gayya na sosai. Ciyawa ba ta jira, kuma gonar da aka yi wa jinkirin kwana goma ta riga ta yi asarar damma masu yawa. A daidai wannan lokaci ne kuma rumbuna ke kusa da ƙarewa. Wanda ya iya ciyar da mutum talatin ko arba'in a tsakiyar damana ya nuna wa gari abin da ya tsimi.

Yadda ake kiran gayya sananne ne. Mai gona ya je wa sarkin samari, ko mai samari kamar yadda aka fi faɗi a Nijar, da goro a hannunsa, su tsai da rana. Ba a sa ta ranar kasuwa, ba a sa ta ranar da wani ya riga ya kama. Da dare a yi shela a dandali. Da sassafe makaɗin noma ya yi gaba da gangarsa, samari su jeru a bakin gona, kowa da kuyyarsa, a tashi tare. Makaɗi na kiran kowa da takensa, yana zuga na gaba yana yi wa na baya habaici, ƴan mata kuwa su iso da hantsi ɗauke da ƙoren fura, su tsaya a ƙarshen kuyya suna guɗa. Saurayin da ya fara kaiwa gaci ya ci sunan ranar. Da yamma a ci tuwo a gidan mai gayya, in mai hali ne har da nama, a ba makaɗi rabonsa. Sau da yawa abin da aka ci ya kai kuɗin da za a biya ƴan ƙwadago, wani lokaci ma ya fi, kuma aikin gayya bai cika yin kyau kamar na mai gona ba, don tsere ake yi, ciyawa na tsira a bayan mai sauri. Manoma sun san haka sarai. Abin da suke saye shi ne a gama gonar a yini ɗaya, da kuma suna.

Gayya iri-iri ce. Akwai ta abokai, mutum biyar ko shida da ke zagaya gonakinsu bi da bi, ba ganga, ba wani dafe-dafe, yau naka gobe nawa. Akwai ta surukai, inda mai neman aure ke kai abokansa gonar uban yarinya, kuma yawan waɗanda suka biyo shi shaida ce a kan halinsa. Akwai ta taimako, wadda ake yi wa marar lafiya, ko matar da mijinta ya rasu cikin damana, ko malamin gari. Ita ce ta fi kusa da abin da ofis ke kira sa kai, amma ita ma ba ta fita daga lissafi ba, domin kowa ya san ciwo ba ya sallama. Sai ta sarki, wadda za a komo kanta. Wanda aka gayyata ya ƙi zuwa ba dalili, ba a kai shi ƙara ko'ina. Ana jiran ranar da zai ɗaga jinkar ɗakinsa, ko ranar sunan ɗansa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a ƙauye wannan magana ba kwatance ba ce kawai: jinka a ƙasa ake ɗaura ta, sai maza da yawa sun kama kafin ta hau bango.

Mata suna da nasu lissafi mai kama da wannan, shi ne biki, ko buki a bakin mutanen yankin. Abin da mace ta kai wa ƙawarta ranar aure ko suna ana riƙe da shi a kai, kuma in nata ya zo a mayar mata, sau da yawa ninki biyu. Sussuka da daka na babban taro da ɗibar ruwan gini duk a wannan hanya suke bi. Nicolas da Raynaut sun ba wannan musaya muhimmanci ƙwarai, kuma sun yi daidai, domin wanda bai gane biki ba ba zai gane gayya ba.

Da kaka sai al'amari ya juya daga aiki zuwa nuni. Manomin da ya tara dami dubu yana iya yin bikin dubu: ya tara jama'a, ya rabar da hatsi da dukiya, a naɗa shi sarkin noma. Macen da ta yi fice wajen noma da tara abin hannu tana yin kan ƙwarya, ta zama tambara. A dukan biyun, girma na zuwa ne ta hanyar rabarwa, kuma sarkin noma da ya tara dubu da hannun gayya yana mayar wa garin da abin da ya ranta. Samari kuma su shiga kokawa da dambe, ƙauye ya gayyaci ƙauye, baƙi su kwana a ci da su a sha. A wannan lokaci ne ake wasan kara, wanda ya fi shahara a Damagaram amma ƙasar Maraɗi ma ta san shi: samari su naɗa sarkinsu da alƙali da dogarai, su yi dawaki da bindigogi na karan dawa, su kwaikwayi manya a bainar jama'a. Da Nasara ya zo sai aka ƙara da kwamandan da tafinta. Wasa ne, amma ya nuna samariya ƙungiya ce mai sarautu da horo, wadda ta san yadda ake mulki tun da ta iya yi masa dariya.

Cikin rani, kamar wata huɗu bayan kaka, Anna ke buɗin daji. Kafin a yi shi ba a farauta ta taro. Manyan dangi su fita bayan gari su yi yanka, su duba abin da shekara za ta kawo, sa'an nan a saki maharba. Wanda ya fi suna a ƙasar Nijar shi ne arwar Masallata kusa da Birnin Ƙonni, amma ƙauyukan kwarin Maraɗi sun yi nasu. Rani kuma shi ne lokacin ayyukan gari baki ɗaya: yasar rijiya, yaɓen masallaci, gyaran makabarta, saƙar zana, ɗinkin rumbu. Sai dai rani shi ne kuma lokacin cin rani, sa'ad da samari ke tafiya Katsina da Kano da gaba. Don haka watannin da gari ke da hannu da abinci a lokaci guda ba su da yawa: daga ƙarshen girbi zuwa tsakiyar dari.

Bisa wannan lissafi na manoma akwai na Musulunci, mai ja baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Salla ƙarama da ta layya, da cika-ciki, da tashen yara cikin azumi, suna zagaya shekarar noma. Daga 1979 zuwa 1982 azumi ya faɗo cikin damana, haka kuma daga 2011 zuwa 2014. A irin waɗannan shekaru gayyar noma takan yi wuya, tun da furar hantsi ita ce rabinta.

Aikin tilas

Tun kafin Nasara sarakuna na da gandayensu, talakawa na zuwa su noma musu, da ganga da abinci, kuma ana kiran wannan gayya. Ƙin zuwa ba sauƙi, amma sarki na ciyarwa, kuma rumbunsa mafaka ce ranar yunwa ko ranar da mahara suka zo. Faransawa, da suka kama Damagaram cikin 1899 suka mai da Nijar mallakarsu sosai cikin 1922, sun ɗora wa kowane namiji mai ƙarfi kwanakin aiki a shekara, ban da lanho, watau harajin kai. Da wannan aiki aka share hanyoyin mota, aka gina bariki da masaukin kwamandan, aka ɗauki kaya a ka. Ta hannun sarakuna da masu gari ake ɗibar mutane, kuma dokar da ake kira indigénat ta ba kwamandan ikon ɗaure mutum ko cin sa tara ba shari'a. Wasu sarakunan kuma suka fake da wannan suka faɗaɗa gandayensu.

A ido, taron masu share hanya ya yi kama da gayya, har da ganga wani lokaci. A ƙauye ba wanda ya ruɗe. Ba a kawo goro ba, mutum da guzurinsa yake zuwa, ba ranar da kwamandan zai zo ya rama, kuma kira na iya zuwa a tsakiyar noma. Iyaka na kusa, sai mutane da yawa suka ƙaura zuwa ƙasar Ingilishi, wani lokaci gida guda, wani lokaci unguwa. Bayan yunwar 1931 aka ƙara da rumbun tsimi na dole, inda kowane gida ke zuba hatsi a rumbun da mabuɗinsa ba ya hannunsa. Tsimi kuwa tsohuwar dabara ce ta kowane mai gida, tilas ce ta ɓata masa suna, har shekaru da yawa bayan haka duk wanda ya zo da maganar rumbun gari sai an dube shi sau biyu. Dokar 11 ga Afrilu 1946, mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ta hana aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki, kuma a wannan shekara aka soke indigénat. Amma noman gandun sarakuna bai tsaya nan take ba, kuma yana cikin abubuwan da jam'iyyar Sawaba ta yi ta suka a ƙauyuka kafin a haramta ta cikin 1959.

Gyaɗa, animasiyo da fari

Abin da ya fi raunana gayya daga ciki shi ne kuɗi. Gyaɗa, ko gujiya kamar yadda ake ce mata a Maraɗi, ta bazu tun daga shekarun 1930, ta kai ƙololuwa a tsakiyar shekarun 1960. Da ita ake biyan lanho, da ita ake sayen tufafi da kayan aure. Saurayi ya ga gamanarsa ta gyaɗa na ba shi abin da gandu ba ya ba shi, manyan gidaje suka fara rabuwa tun uba na da rai. Raynaut ya nuna yadda kuɗi ya shiga kowace hulɗa ta ƙauye, har tsakanin miji da mata. A nan barema ta yi ƙarfi, watau noman yini a biya ka da yamma. Mai hali ya ga ɗan barema ya fi sauƙi, ba ganga, ba bashin ramuwa. Marar hali kuwa, da hatsinsa ya ƙare a tsakiyar damana, ya bar gonarsa ya tafi ta wani don ya samo mudu. Wanda ke sayar da yininsa ba shi da yinin da zai ranta.

Gwamnatin Diori Hamani ta zo da niyyar gina ƙasa bisa haɗin kan ƙauye. Cikin 1962 aka kafa UNCC domin bashi da ƙungiyoyin manoma, da SONARA domin cinikin gyaɗa, sa'an nan ma'aikatar animasiyo ta shiga ƙauyuka tana sa a zaɓi mutanen da za a horar ƴan kwanaki su komo su wayar da kan ƴan uwansu. Jihar Maraɗi na cikin wuraren da aka fara horar da masu ba da magani na ƙauye da ungozomomi, waɗanda ba su da albashi. Daga 1966 kuma aka fara barin manoma su riƙe kasuwar gyaɗarsu da kansu, su yi awo su rubuta, abin da ya ba yaƙi da jahilci wata ma'ana da ba ta da ita a da, tun da mai iya karanta sikeli ba a cutarsa. Masu wannan tsari sun sha ambaton gayya a matsayin shaidar cewa Bahaushe ya saba aikin taro. Sun manta gayya yini ɗaya ce, ta mutane da yawa, domin mutum ɗaya. Abin da suka nema kuwa shi ne mutum ɗaya ya yi wa gari duka aiki shekara da shekaru. Mai akwatin magani ana tashinsa da tsakar dare, ana kiransa daga gona, kuma ba a ajiye hanyar da gari zai rama masa ba. Inda gari ya ga dama ya noma masa gonarsa, ko aka riƙa ba ungozoma abin da al'ada ta ba ta ranar suna, aiki ya daɗe. Inda ba a yi haka ba, akwati ya ƙare, mai shi ya tafi cin rani.

Farin 1968 zuwa 1974 ya zo bisa wannan, sa'an nan cutar gyaɗa ta 1975 ta kusa kashe nomanta. Gayya ba ta yiwuwa a garin da ba mai hatsin dama fura.

Samariyar gwamnati

Sojoji sun karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya hana jam'iyyu, ya nemi wata hanyar da zai kai ga talakawa. Sai aka ɗauko samariya, aka ba ta tsari daga unguwa da ƙauye har zuwa ƙasa baki ɗaya, daga baya ta zama ɗaya daga ginshiƙai biyu, tare da ƙungiyoyin manoma, na tsarin da aka kira Société de développement, wanda aka fara shirinsa cikin 1979. Ba daidai ba ne a raina abin da aka yi. Samariya ta buga tubali ta gina azuzuwan makaranta masu yawa, da ɗakunan shan magani, da gidajen samariya, ta share garuruwa. Wasannin kaka su ma aka ɗaga su: gasar kokawa ta ƙasa an fara ta a Tawa cikin 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ci takobin farko, kuma wannan gasa ta rayu bayan mulkin da ya haife ta. Tun 1975 kuma ranar 3 ga Agusta, ranar samun mulkin kai, ta zama ranar dashen itace. Mutanen da suka yi samartaka a lokacin da yawa suna tuna shi da daɗi, saboda kiɗa da gasa tsakanin unguwa da unguwa sun komo, kuma ajin da aka gina ɗan kowa ke shiga.

Amma kira yanzu daga sama yake zuwa, ta bakin sufurefe da sarkin kanto. Mai samari sau da yawa dattijo ne mai furfura, ɗan kasuwa ko na kusa da fada, wanda hukuma ta yarda da shi. Aka ƙara wa samari tarbar manyan baƙi da tsayuwa a rana da sintiri. Tsofaffin da suka ga aikin tilas ba su rasa abin kwatantawa ba. Dashen itace ya fi kome nuna inda matsalar take. Ranar 3 ga Agusta tana tsakiyar damana, daidai ne ga itace, amma lokacin maimai ne ga manomi. An dasa gandayen itace na gari a wurare da yawa, aka yi tafi aka watse, rani ya zo, awaki suka ci. Ba mai ita balle ya yi mata shinge, kuma mutane na ganin itacen na ma'aikatan daji ne, waɗanda ke cin mutum tara in ya sari reshe ko a gonarsa.

Farin 1984 ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, har mutanen Maraɗi suka sa wa yunwar suna El Buhari. A wannan shekara aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan hamada. Taimakon abinci ya shigo da sabon tsari, a yi aiki a karɓi hatsi, kuma tun daga nan in baƙo ya zo da maganar aikin gari, tambayar farko ita ce me za a bayar. Ana yawan kiran wannan lalacewar hali. A lissafin gayya kuwa tambaya ce ta daidai: mai aiki shi ke ciyarwa, kuma aikin da baƙo ya kawo na baƙo ne. A cikin waɗannan shekaru ne wani shiri na mishan ta SIM, tare da Tony Rinaudo, ya sa manoman yankin su bar tohon kututture a gonakinsu su riƙa gyara shi, abin da aka sani da sassaben zamani. Da farko an haɗa shi da rabon abinci, kuma da abincin ya tsaya mutane da yawa suka sare itacen. Waɗanda suka bari suka ga amfanin itacen wuta da abincin dabbobi a gonar kansu, maƙwabta suka kwaikwaya, abin ya bazu jihohin Maraɗi da Damagaram ba ganga ba shela.

Yaƙi da jahilci, wanda aka kafa ma'aikatarsa cikin 1963, ya sha wannan ruwa shi ma. Runfar karatu gari ke kafa ta, da kara da zana, kuma kara sai bayan girbi ake samunsa. In takardu da alli suka makara har Fabrairu ko Maris, samarin da aka rubuta sunayensu sun riga sun tafi, waɗanda suka rage kuma ranar da ruwan watan bakwai ya sauka ba wanda zai zauna gaban allo. Runfa ɗaya gayyar yini ce, gari na yin ta da murna. Zuwa aji kullum wata huɗu, da ɗawainiyar malami, ba su da suna a cikin tsohon lissafi, sai in an yi musu.

Bayan rasuwar Kunce cikin 1987 samariya ta shiga inuwar jam'iyyar MNSD da aka kafa cikin 1989, kuma da taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa sai tsarinta na hukuma ya rushe. Samari suka rabu bisa jam'iyyu, daga baya kuma bisa fada-fada na hira da shayi. Wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos cikin 1978 ta kuma yi ƙarfi a Maraɗi cikin shekarun 1980, ya soki kiɗa da cuɗanyar samari da ƴan mata da ɓarnar dukiya a biki. Buɗin daji da dubu da kan ƙwarya, waɗanda tun kafin haka suke ja baya, suka ƙara ƙaranci. Noman fari da maimai yawancinsu sun koma hannun barema, sau da yawa da kuɗin da ɗa ya aiko daga wurin cin rani. Haƙar kabari da ginin masallaci da ɗaga jinka da taimakon wanda gobara ta ci ba su bar hannun gari ba.

A shekara ta 1991 ɗin nan ce ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Ba a kawo jari daga waje ba. Mata kamar ashirin ko talatin, waɗanda suka zaɓi juna, su taru sau ɗaya a mako, kowa ta zuba abin da aka yanka a asusu, a ba mai bukata rance ta mayar da ɗan ƙari, a ci wadda ta makara tara. Da farko yawancinsu ba su iya rubutu ba, a ka suke riƙe lissafi, kamar yadda suke riƙe na biki. Tsarin ya bazu Nijar, daga baya aka kai shi ƙasashe da yawa na Afirka da wasu sunaye. In zagaye ya cika sai a fasa asusu a raba, kuma ƙungiyoyi da yawa sun fi son rabon ya faɗo gab da damana, sa'ad da ake neman iri kuma rumbun gandu ya fara nuna gindi.